Zaren Hula a Wayar Fitila

Na daɗe ina juya maganar nan a raina. In ɗauki alƙalami, in ajiye, ina tsoron a ce wanda iyakarsa firamare me ya kai shi rubutu. Amma akwai tambayar da ta hana ni sakat.

'Yan shekaru bayan samun mulkin kai, kawuna ya damƙa mini tsohuwar akori-kurarsa, wadda ya saya a hannun wani Bature mai komawa gida. Ina ɗauko dawa daga Tabanni zuwa kasuwar Birnin Gwari. Dawa ta jawo ɓeraye, ɓeraye suka cinye wayar fitila. Kawu ya ce, "Ba a shiga dajin Kamuku da makauniyar mota. In ranar kasuwa ta zo ba ta gani, kawo mini mabuɗina."

Na aika Kaduna aka sayo waya. Ta asali kowace da launinta. Wannan kuwa duk baƙa ce, robarta tana marmashewa kamar ƙuli-ƙuli. Sai dabara ta zo mini: na ɗebi zaren da matata ke ɗinkin hula, na bi tsohuwar waya, na ɗaura wa kowace sabuwa launinta, sannan na cire tsofaffin. Na tafi sallar azahar.

Na dawo, babu zare mai launi ko ɗaya.

Na tambayi matata, "Ina zarena?"

"Zarenka, Malam? Hular mutane ce ta tsaya a kan jan nan. Ai na bar maka baƙaƙen."

Sai gwaji ɗaya bayan ɗaya ke nan. Ga rana tsaka, ba a gane ko fitila ta kama. Maƙwabcina, wani manomin doya, ya kawo bargo, muka lulluɓe gaban motar, ya cusa kansa ciki.

Na taɓa waya ta farko. Oda ta tsage masa kunne.

"Kai, direba! Gani na zo yi, ba ji ba!"

Na taɓa wata, waifa ta hau share gilashi. Na taɓa wata, hayaƙi. Ni da ba na dariya in abu ya lalace, ranar nan har da riƙe ciki. Matata ta fito da kwandon zarenta tana share hawaye, duk wayar da muka gano ta ƙulle ta tamau.

Can sai bargo ya yi ihu: "Ta buɗe ido!" Ya fito yana rawa da bargon a kansa, ni ma na bi shi ina tsalle, yaran unguwa suka ɗauka mun zare.

Ranar kasuwa Kawu ya zo. Na shimfiɗa bargon, ya cire hularsa, ya shiga. Ya daɗe.

"Ɗaya na duban hanya, ɗaya na neman birai a bisa itace," in ji shi. "Riƙe mabuɗin."

Bayan rasuwarsa magada suka sayar da motar wajen Funtuwa, ina kwance ba lafiya. Ban samu na gaya wa mai sayen cewa jan zare ya ƙare mana ba, wayar fitila kore ce, kuma kada a ja ta da ƙarfi. Don Allah, duk wanda ya taɓa buɗe bonet ɗin wata tsohuwar akori-kura ya ga zaren hula a wayoyinta, ya sanar da ni inda ta ƙare, da ko fitilar ta riƙe.