Makiyayin Fitilu

Tun da fitilun aikinta na kammala digiri suka ƙone a gaban malamai, Haulatu ke tsoron taɓa waya. Yau a kasuwar Illela tana kallon wani dattijon Bafillace, hannuwansa duk kanta, ƙila ta jan guga ce. A wata rumfar kayan lantarki ya jera jajayen ƙwayayen LED huɗu a waya ɗaya, zai ƙawata kekensa.

"Baffa, hwashewa za su yi!" in ji mai rumfar.

"Mi zai hwasa su? Ga makiyayinsu."

Yana nuna 'yar na'urar da ke ƙayyade wutar, don kowane ƙwai ya sha daidai cikinsa. Ya jona batirin babur. Haulatu ta runtse ido.

Sowar mutane ce ta sa ta buɗe. Duka huɗun suna ci, tsoho yana gyara malafarsa.

"Ƙaro mani huɗu, yaro."