Kokwamban Tekun da Surukinmu Ya Kawo

Maigidana ya yi shekaru yana aiki a tashar jiragen ruwa a Legas, kuma abin da ya dawo mana da shi Kaduna bayan ritaya shi ne son kifin teku. Ba na ci ba, na kallo. Ya kafa tankin gilashi a falonmu a Hayin Banki, ya shimfiɗa farin yashi da duwatsu, ya zuba kifaye bakwai masu launi kamar an yi musu fenti. Ruwansu ma ba irin namu ba ne, sai an haɗa shi da wani gishiri da ake aiko masa a mota daga Legas. Maƙwabta sukan shigo kallo, su fita suna dariya, wai Malam ya ɗauko teku ya ajiye a falo.

Da ɓarin jikinsa ya shanye, maganarsa ta yi nauyi, sai kifayen suka dawo wuyana. Ni ce awon gishiri, ni ce canjin ruwa, ni ce jan janareto idan rashin wuta ya daɗe, don kada injin da ke juya ruwan ya yi ta zama a tsaye. Ga wankansa, ga maganinsa, ga ɗagawa da kwantarwa. Wallahi na gaji da kifin nan har cikin ƙashina. Amma kullum da safe idan na zaunar da shi gaban tankin, sai ya ɗebi abincinsu da hannunsa mai lafiya ya barbaɗa, suna tasowa yana bin su da ido. Aikin da ya rage masa a duniya ke nan, shi ya sa ban taɓa cewa a sayar ba.

Sai ga Alhaji surukinmu, mahaifin mijin 'yarmu, mai sayar da atamfa a babbar kasuwa. Ya je Legas saro kaya, ya dawo mana da wata leda cike da ruwa, a ciki akwai wani baƙin abu mai laushi, tsawonsa da kaurinsa kamar rogo.

"Kokwamban teku ake ce masa, Hajiya," in ji shi. "Mai shagon ya ce shi ke share dattin yashi. Na ce to, ya rage miki aiki."

Ni ya tuna, bawan Allah. Na yi godiya har da durƙusawa, ya juye abin a tankin da hannunsa.

Bayan ya tafi maigida ya kira ni. Ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin ya fitar da maganar: "Dafi. Yana da... dafi."

Na buga wa mai aiko mana gishiri waya, ya yi mini bayani. Ya ce abin lafiya lau yake muddin ba abin da ya same shi. Amma idan ya ji rauni, ko ya firgita ƙwarai, ko ya mutu, sai ya saki guba a ruwa, kuma a ɗan tanki irin namu ba kifin da zai tsira. Ya ce in cire shi. Idan kuma ba zan cire ba, to in rufe bakin injin nan, don nan ne yakan je ya maƙale a tsotse shi.

In cire in ce me? Duk Juma'a bayan an sauko masallaci Alhaji yana gidanmu. Ya gaida marar lafiya, sannan ya sunkuya gaban gilashi yana cewa, "Ina mutumina?" 'Yarmu ko shekara ba ta cika a gidansu ba. Wace uwa ce za ta dubi surukinta ta ce masa kyautarsa guba ce? Sai na yanko gefen tsohon gidan sauro, na rufe bakin injin da ragar, na ɗaure da roba. Maigida ya kalli ragar, ya kalle ni.

Wata huɗu muka yi a haka. Ragar kan toshe da datti bayan kwana uku, in kwance in wanke in mayar. Wata Laraba da hantsi babu wuta, injin yana tsaye, na kwance ta na kai kicin. Kafin in taɓa ta maigida ya nemi bayan gida. Muna gamawa na duba kwalba na ga maganin hawan jininsa ya ƙare, na zaunar da shi a mazauninsa, na zari mayafi na tari keke zuwa cikin gari. Ragar tana kicin. Ina can aka kawo wuta.

Da na dawo, ruwan ya yi fari-fari kamar na wankin shinkafa. Abin yana manne a bakin injin, rabinsa ya shige, wasu fararen zare na fita daga jikinsa. Kifi biyar sun juya ciki sama, biyu suna ta buɗe baki a saman ruwa. Maigida ya zamo har bakin kujera, sandarsa tana ƙasa kusa da soket. Ya yi ƙoƙarin kashe injin da ita, ta suɓuce masa. Sauran kuma ya zauna ya kalla, shi kaɗai, ban san tsawon lokacin ba.

Na kwashe biyun na sa a bokitin ruwan da na haɗa ranar Talata. Kafin la'asar su ma sun bi sauran. Zan faɗi abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: ina kwashe gawarwakin da rariya, abin da ya fara zuwa zuciyata shi ne na huta. Na ji kunyar kaina har na kasa ɗaga ido in dube shi.

Kwana biyu ina shirya abin da zan gaya wa Alhaji. Haushinsa nake ji, haushin kaina nake ji, na rasa wanda ya fi. Ranar Juma'a ya yi sallama, ya shigo, ya yi turus gaban tankin da na wanke na bari fayau.

"Subhanallahi! Hajiya, me ya faru?"

Na buɗe baki, maigida ya riga ni. Jijiyoyin wuyansa sun tashi saboda wahalar maganar.

"Wuta ce, Alhaji. An ɗauke... wuta."

Alhaji ya zauna ya yi ta jajantawa, yana cewa wannan wuta tamu sai addu'a. Maigida yana gyaɗa masa kai. Na shiga kicin kawo ruwan sha, na tsaya riƙe da kofi na fi minti biyar.

Maigida ya rufa wa Alhaji asiri, ya rufa mini. Ya ƙara shekara ɗaya da 'yan watanni kafin ya rasu, bai taɓa tambayata ina ragar take ranar ba. Da ya yi mini faɗa ko sau ɗaya ne, da ya fi mini sauƙi.