Gizo-gizon da na wurga gidan Hajara

Jama'a, yau na yi wa kaina asara da hannuna!

Da safe ina share rumfar bandar kifi, sai ga wani ƙaton gizo-gizo manne a bayan tabarma mai laima. Matacce ne, fari fat kamar an naɗe shi da auduga, ga wasu tsinkaye sun tsiro a bayansa! Na ƙwala wa Inna kira. Tana gani ta ce, "Innalillahi! Wannan sammu ne, fitar da shi daga gidan nan!" Na sa tsintsiya na wurga shi ta katanga, ya faɗa gidan maƙwabciyata Hajara.

Da azahar sai hayaniya. Ashe Hajara ta ɗauki hotonsa ta sa a waya, wani malamin kimiyya a Yelwa ya gani, ya hau mashin har garinmu Warra! Na leƙa. Yana cewa, "Ba sammu ba ne, wata irin fumfuna ce. Tana kama gizo-gizo da ransa, ta cinye cikinsa, ta kashe shi, sannan ta tsiro waje. Na daɗe ina nemanta." Sai ɗaukar hoto ake yi da Hajara. Wai gobe ita za ta nuna wa ɗalibansa!

Ya tambaye ta inda ta same shi. Ta kalle ni tana murmushi ta ce, "Allah ne ya jefo mini, Malam."

Nawa ne fa! To in buɗe baki in ce me? Ni ce na jefa mata sammu?