Karsanar da ba ta fito a hoto ba

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ne mai ɗaukar hoto na unguwarmu a Dakoro tun kafin a sa ni lekol. Biki, suna, saukar karatu, dawowar alhazai, duk shi ake kira. Amma aikin da ya fi so ba na cikin gari ba ne. Akwai wasu gidajen Fulani makiyaya a arewa da gari, wajen hanyar Azagor, da suka saba da shi shekara da shekaru. In an yi musu haihuwa sai a aiko masa da saƙo ranar kasuwa, ya ɗaure jakarsa a bayan moto ya tafi. Yakan dawo da nono a gora da labarin da zai yi kwana uku yana ba mu.

Hoto ɗaya ne suke kiransa dominsa. A wurinsu, ranar suna kakan jariri yakan ware karsana guda ya ce ta yaron ce, ita da duk abin da za ta haifa. Da can da baki ake yi, a gaban shaidu. Da kawu ya shiga cikinsu sai suka ƙara da hoto: kaka a zaune da jariri a hannu, dattawa biyu ko uku a gefensa, karsanar a tsaye a bayansu, an juya ta yadda za a ga tsagen kunnenta da tabon wuta a cinyarta da karkatar ƙahonta. Ana naɗe hoton a leda a sa a akwatin uwar yaron. Na san da wannan, na sha jin kawu yana faɗa.

Shekarar da nake aji na ƙarshe a lise, tsohuwar kamararsa ta fara mutuwa. Sai ta ɗauke ana tsakiyar ɗaurin aure, ya cire batir ya goga a riga ya mayar. Ga kuma mutane sun fara neman bidiyo, ita kuwa bidiyonta kamar ana kallo ta cikin ruwan tabki. Ya yanke shawarar sayen wata ta hannu a Maraɗi. Wanda zai sayar masa ya ce biyu ne a wurinsa, ɗaya mai babban faranti, wadda Faransawa ke kira plein format, ɗaya mai ƙarami irin na tsohuwarsa. Kawu bai gane ba. Ya same ni a gindin itacen bedin ƙofar gidanmu ina bitar darasi, ya ce tunda ni ba na magana sai karatu, to in karanta masa wannan.

Ba a saba neman shawarata a gida ba. Na ɗauki abin da gaske fiye da yadda ya kamata. Na sayi sabon kaye, na ja layi da bik a tsakiyar kowane shafi, babba a dama, ƙarama a hagu. Kullum in an tashi daga lise sai in tsaya a bayan ajinmu inda rezon waya ya fi ƙarfi, in yi ta karatu a salula har idona ya yi yaji. Farantin nan wani ɗan abu ne a cikin kamara wanda haske ke sauka a kansa ya zama hoto. Babban ya fi kama haske, don haka a ɗakin amarya mai duhu fuska takan fito fes. Ya fi ɗaukar faɗi, ba sai mutum ya manne da bango ba kafin kowa ya shiga. Ƙaramin kuma kamar ya yanke gefe ne ya jawo na nesa kusa, kamararsa ba nauyi, hannu ba ya saurin gajiya in ana bidiyo, idanun da ake ɗaura mata sun fi sauƙin samu. Ido shi ne sunan da kawu ya ba gilashin gaba. Abin hannunsa zai iya sayen ƙaramar da ido biyu, ɗaya mai jawowa. Babbar kuwa sai da ido ɗaya tak, wanda ba ya jawo komai, sai dai mutum ya taka da ƙafarsa.

Na yi wata guda a haka. Duk wanda na karanta sai ya rushe abin da na jiya ya gina. Na gaji har na fara jin haushin kalmar kamara, ga jarrabawar bak tana matsowa. Amma akwai abu ɗaya da kusan dukkansu suka haɗu a kai suna yabo. In aka buɗe idon babbar sosai, mutum yakan fito shi kaɗai garau, abin da ke bayansa ya narke ya zama launi kawai. Na kalli irin waɗannan hotuna ɗari da ɗari, amare a cikin lambuna, tsofaffi a bakin teku. Na ja layi biyu a ƙarƙashin wannan a kayena. Na rubuta cewa shi ne bambancin mai sana'a da mai salula.

Ranar da na kai wa kawu amsa, na fara karanta masa daga shafi na farko. Bai bari na kai na uku ba.

"Mushe malamin lekol, ni ba makaranta na zo ba. Wacce?"

Na ce babbar. Ya tambaye ni ko na tabbata, na ce na tabbata. Ya ce shi ke nan.

Da kamarar ta zo, ni na saita ta. Rubutun cikinta ƙanana ne, idon kawu kuma ya fara rauni, ba ya son a sani. Na buɗe idon har ƙarshe, na nuna masa inda zai danna, na roƙe shi kada ya taɓa ɗan gargaren da ke sama, wanda ke buɗe idon ya kuma matse shi. Bikin farko da ya yi da ita a gari, ƙawayen amarya suka yi ta karɓar hoton hannu zuwa hannu, suna cewa ta zama ƴar fim. Kawu ya dawo yana dariya, ya ce wa mahaifiyata ashe shirun ɗanta ba na banza ba ne. Ya yi ƙorafin nauyi a wuyan hannu bayan bidiyon, amma na riga na rubuta wannan a kaye, ban damu ba.

Gab da damina aka aiko daga ruga. Wani dattijo, babban abokin kawu a cikinsu, an haifa masa jika namiji. Kawu ya ce in bi shi, ko kamarar za ta yi gardama. Mun isa da hantsi, an gama raɗa suna ana fiɗar rago. Aka shimfiɗa tabarma, dattijon ya zauna aka miƙa masa jaririn cikin zane, tsofaffi uku suka zauna kusa da shi. Aka jawo karsanar, ja ce mai dogon ƙaho, ba ta son taro, sai aka tsayar da ita taku bakwai ko takwas a baya. Kawu ya durƙusa ya ɗauka sau uku. Rana ta hana shi ganin allon, ya miƙo mini ya ce in duba.

Na kare allon da hulata na duba. Fuskar dattijon ta fito har ana iya ƙirga gashin gemunsa, ga ɗan hannun jaririn ya leƙo daga zane. Bayansu kuma ja ne mai laushi, ya narke cikin hasken safiya. Ban taɓa ganin hoto mai kyau irinsa ba. Na ce wa kawu ya yi.

A Maraɗi ake wanke hotuna, sai da suka yi kwana goma kafin su dawo. A cikin kwanakin nan aka yi ruwan farko, garken ya tashi ya yi arewa kamar yadda ake yi kowace shekara don kada dabbobi su shiga gonaki. Dattijon bai bi su ba saboda ƙafarsa. Ranar kasuwa muka same shi a kara, wajen cinikin dabbobi, a rumfar wani dillali, kawu ya miƙa masa ambulan da hannu biyu.

Ya daɗe yana kallo. Ya nisantar da hoton, ya matso da shi, ya goga shi a hannun riga.

"Ina karsanar?"

Kawu ya nuna jan da ke baya. Dillalin ya leƙo ya ce shi dai ya ga kamar an ɓarar da manja, amma in an ce saniya ce ba zai yi musu ba, ya taɓa sayar da wadda ta fi wannan lalacewa. Mutanen rumfar suka yi dariya. Dattijon bai yi ba. Ya ce shanunsa duka jajaye ne. Ya ce uban yaron nan shi ne mai sanyi a cikin ƴaƴansa, ƴan uwansa kuma shida ne, kowa da bakinsa.

"Ni ba zan kai ranar da yaron nan zai yi wayo ba," in ji shi. "Waɗannan da suka zauna kusa da ni ma, dube su. Don mi na kira ka?"

Kawu bai juyo ya kalle ni ba, bai ce ni na saita ba. Ya ce laifinsa ne, sabon ƙarfe ne bai gama saninsa ba, zai gyara. Ni ina tsaye a bayansa. Na san abin da ya faru tun kafin dattijon ya gama tambaya. Da na matse idon kaɗan, da komai ya fito. Da ƙaramar muka saya, da idonta na yau da kullum, da ko ban taɓa komai ba an ga kunnen.

Washegari muka bi garken. Ba zan iya faɗin nisan ba, na dai san mun wuce Azagor, kuma rabin hanyar tura moto muka yi cikin rairayi. Duk rijiyar da muka tsaya sai a ce jiya suka wuce. Kawu yana ta zufa, jakar kamarar tana cin kafaɗata. Sai rana ta biyu da la'asar muka same su. Uwar jaririn ba ta nan, ta tafi da shi gidan iyayenta wajen Maiyara. Uban ya tafi neman wata saniya da ta ɓace. Wanda muka tarar shi ne wan uban, ya karɓe mu da fara'a, ya kamo karsanar da kansa ya riƙe igiyar. Wannan karon na matse idon, na ɗauki gefen dama, na ɗauki na hagu, na ɗauki kunnen shi kaɗai. Na duba kowanne sau uku. Har ƙudan da ke bayanta sun fito.

Bayan wasu kwana goman muka sake samun dattijon a rumfar nan. Ya kalli sabon hoton ya gyaɗa kai, ya ce ita ce, ba shakka. Sannan ya ɗora yatsa a kan mutumin da ke riƙe da igiya.

"Wannan hoton kuma cewa ya yi tasa ce."

Ban yi tunanin haka ba. Kawu ma, na ga alama, bai yi ba, gajiya ta hana mu. A nan ne na yi ƙarfin halin magana, karo na farko a gabansa. Na ce, Baffa, ana iya haɗa su a inji, a ɗauko karsanar daga wannan a sa ta a bayan wancan, ba wanda zai gane. Ya ɗago ya dube ni sosai, ba da faɗa ba. Ya ce in ana iya sa ta, ai ana iya cire ta, kuma ana iya sa wata. Ya tambayi kawu ko dama haka hoto yake. Kawu ya ce yanzu dai haka yake.

Dattijon ya karɓi na farkon, ya ce uwar yaron za ta so fuskar ɗanta. Na biyun ya mayar mana, ya ce kada ya kwana a gidan kowa. Ya ce in garke ya dawo da kaka zai sake tara mutane, ya nemo masu ƙuruciya a cikin shaidu, a faɗa da baki kamar yadda ubansa ya yi masa.

Kawu bai taɓa yi mini maganar ba, har yau. Ya ce dai in koya masa gargaren nan, na koya masa, ya sa ɗigon jan fenti a inda zai tsayar da shi in mutane sun fi biyu. Aikin gari ya ƙaru, amare har daga Ajekoriya suna aikowa a kira mai kamarar da ke narkar da baya. Yana zuwa, yana dawowa yana matsa wuyan hannu, ba labari. Ni na ci bak da ƙyar na tafi karatu Maraɗi.

Da na dawo hutu a shekara ta gaba, na raka shi kasuwa. A bakin kara wani ya gaya masa an yi suna a rugar dattijon nan satin da ya wuce, jika na biyu, har an ba da karsana. Muna shiga muka yi kiciɓis da dattijon. Suka gaisa hannu cikin hannu, suka daɗe, ya tambayi gida da yara da ƙafar moto, ya tambaye ni karatu. Kawu ya yi masa barka, ya amsa ya yi godiya, ya ce an sha hidima. Kawu ya ɗan tsaya ko zai ƙara wani abu. Sai dillali ya kira dattijon ana taya wani bijimi, ya ce mana a sauka lafiya, ya juya ya tafi.