Dutsen Hanyar Roni

A zamanin Turawa na taɓa zama ɗan kwangila, kuma kaina ya kumbura ƙwarai. En'e, wato hukumar gargajiya, ita ce ta ba ni aikin kwalbatoci a hanyar Kazaure zuwa Roni. Ranar da zan dangwala hannu, malamin ofis ya karanta mini takardar, ya ce dole in biya wani kamfani a Kano kuɗin inshora, don in lebura ya ji rauni a bakin aiki a ba shi diyya. Na ce to. Ina fita na sayi sabon keke da kuɗin. A wautata, ban ga dalilin biyan kuɗin masifar da ba ta zo ba.

Ta kuwa zo. Akwai wani magidanci mutumin Gwiwa, duk cikin leburorina babu mai fasa dutse kamarsa. Wata safiya yana aiki a gindin tsauni, sai wani ƙaton dutse ya gangaro ya danne masa hannun dama. Na san in na kai shi asibiti likita zai rubuta takarda, takarda ta isa ofis, asirina ya tonu, a ƙwace kwangila. Sai na goya shi na kai shi wurin maɗori. Maɗorin ya lallatsa hannun, ya ce wannan ya wuce karaya, ƙashin ya farfashe, a tafi da shi Kano. Na ce ya dai ɗaure a gani.

Abin da na yi bayan nan shi ya fi ba ni kunya. Na san halin mutanenmu: mutum ba ya iya buɗe baki ya karɓi diyya daga wanda ya tako har gida ya yi masa jaje. Saboda haka na ɗauki goro da dattawa biyu, muka tafi Gwiwa.

Bayan gaisuwa na ce, "Malam, doka fa ta ce akwai diyya." Ina magana ina kallon tabarma.

Ya ce, "Haba maigida! Kai ka turo dutsen? Na yafe, duniya da lahira."

Dattawa suka shafa fatiha. Abin da na je nema ke nan, na kuma samu. Da malamin ofis ya ji ƙishin-ƙishin ya aika a tambayi magidancin, cewa ya yi jaki ne ya kayar da shi. Ban sa shi ba, shi ya ga ya dace ya rufa mini asiri.

Hannun ya shanye. Bai ƙara riƙe guduma ba, balle fartanya.

Bayan shekaru na je kasuwar Gwiwa sayen gero, na hango shi zaune da ɗan tiren gishiri a gabansa. Na yi ƙoƙarin ɓuya a bayan buhuna, amma ya riga ya gan ni. Ya taso da fara'arsa, ya rusuna, ya miƙo mini hannu.

Ya ce, "Ka gafarce ni, maigida, da hagu nake gaishe ka. Wallahi ba raini ba ne."