Mma Azeta, Uwar Ɗakin Ɓeraye

Kafin masu koko su gama kafa tebur a unguwar Bulpiela, Mma Azeta ta riga ta hau yalo-yalo, keke mai ƙafa uku, zuwa wurin aikinta a Dungu. Can a bayan ɗakin bincike akwai wani ɗaki mai sanyi cike da kejin fararen ɓeraye. Ta sauya musu shimfiɗa, ta zuba abinci da ruwa, sannan ta ɗora kowanne a tafin hannunta har ya daina rawar jiki. Haka ta yi shekaru, ga shi a wannan watan ciwon gwiwa ya sa ta ajiye aiki.

Masu binciken kuwa, tsoro suke nazari a kai. A kaɗa wa ɓera ƙararrawa, a ɗan ja shi da lantarki a ƙafa. Gobe da ya ji ƙararrawar sai ya sandare. Daga nan su duba ƙwaƙwalwarsa, su ga waɗanne ƙwayoyin gado ne suka farka, waɗanne suka yi shiru. Amma ɓeran da ya saba firgita ba ya nuna musu komai. Ke ce, Mma, kike riƙe su cikin natsuwa har ranar gwajin.

Doreen, ɗalibar da ta zo daga kudu, ba ta manta wani azumi da ya faɗo cikin zafin Maris ba. Wuta ta ɗauke da tsakar rana, janareta ya ƙi tashi, ɓeraye suka fara haki. Ta zauna a ƙasa tana kuka: "Mma, lait ya tafi, aikina duka ya mutu."

"Tashi, ɗiyata. Jiƙo buhunan can."

Suka rataya jiƙaƙƙun buhuna a tagogi. Mma ta bi gidajen masu sayar da ruwan sanyi, ta yi ta ɗauko ƙanƙara a ka, bakinta a bushe, ba ta karya azumi ba. Ɓeraye uku suka mutu, sauran suka rayu.

Da sakamakon binciken ya fito ne Mma ta faɗa wa Doreen abin da ke ranta. Ƙaninta Imoru direba ne. Tun da ya tsira daga hatsari a hanyar Kumasi, in ya ji hon ɗin mota sai jikinsa ya ɗauki ɓari.

"Wannan abin zai warkar da shi?"

Doreen ta sunkuyar da kai. "Ba yanzu ba, Mma. Wataƙila sai jikoki."

Mma ta ce, "To, a ci gaba." Ta koma wankin keji.

Mun gode, Mma Azeta, mai dasa itacen da ba za ta sha inuwarsa ba. Allah ya ba ki lafiya, ya sanyaya zuciyar Imoru. Mu kuma da muka rage a bakin aiki, in an ce mana amfaninsa ba zai riske mu ba, mu ma mu ce a ci gaba.