Hancin Gwaggo Dije

Duk wanda ya yi aiki ƙarƙashin Gwaggo Dije a asibitinmu na cikin birni ya san ba a wuce ta bayan azahar sai an miƙa hannu. Ba gaisuwa ba ce. Kamawa za ta yi, ta juya tafin, ta kai hanci, ta lumshe ido kamar mai sayen turare a kasuwa. Ko sau nawa ka wanke da sabulun asibiti, sai ta faɗa maka abin da ka ci, wani lokacin har da gidan da aka dafa shi.

Ƙanwar mahaifina ce, ita ce kuma shugabar nas-nas, don haka ni na sha ta a gida na sha ta a wurin aiki. Aƙidarta ɗaya ce: ma'aikacin da ya cika ciki da rana, rabinsa ya riga ya tashi daga aiki. Wai tuwo da sakwara da lemon kwalba ba su yi mata laifin komai ba, amma ba su da izinin shiga wurin marasa lafiya. Ita kuwa jakarta ba ta rabuwa da kwaɗon zogale da dafaffen ƙwai da gyaɗa da goran ruwa, kuma ko likita ne ya yi hamma a gabanta sai ta ɗura masa.

Kun tuna Malam Sabo na ɗakin magani? Shi ne ya taɓa cin alwashin sai ya kunyata hancin nan. Ya ci taliyarsa da manja da cokali, ya zo yana murmushi ya miƙa hannu tun ba a tambaye shi ba. Gwaggo ta shinshina, ta ce taliya da manja, yajin ma ya yi yawa. Ya rantse shi bai taɓa ta da hannu ba.

"Na sani," in ji ta. "A gemunka na ji tun kana bakin ƙofa. Hannun don in mutunta ka na kama."

Babbar matsalarta mutanen birni ne. Kun san halinmu, in an kwantar da naka sai ka kawo wa ma'aikata kula cike da abinci, kuma mayar da ita cin fuska ne da za a yi ta maganarsa har jikoki. Gwaggo ba ta taɓa mayarwa ba. Hannu biyu take karɓa, ta yi addu'a, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ta kai kular wani kabad na ƙarfe da muke kira gidan yari, ta kulle, ta ɗaure mabuɗin a bakin mayafi. Ba beli sai an tashi aiki. Wata Hajiya daga Ƙofar Galadima ta taɓa kawo waina da miyar taushe, ta kafe sai mun ci da zafinta tana gani. Ƙamshi ya cika ɗaki, mu duk mun haɗiye yawu. Gwaggo ta ce babu komai, za mu ci, amma in barci ya kwashe mu sai Hajiya ta riƙa duba ruwan da aka ɗaura wa Alhaji. Wallahi Hajiyar da kanta ta kai kular gidan yari, ta jawo kujera ta zauna gadi.

Ni dai ina cikin masu yi mata dariya, har sai da abin ya zo kaina. An kai ni ɗakin tiyata a matsayin gwaji, wurin da nake mafarki tun ina makaranta. Daga unguwar Tukur-Tukur nake fitowa a guje ba karin kumallo, da rana in huce a kan shinkafa da lemo mai sanyi, kafin la'asar idona ya yi nauyi. Ran nan Likita Bulus, mutumin Wusasa mai haƙuri, ya nemi almakashi har sau biyu ban ji ba. Bai yi faɗa ba. Ya ce kawai in aka sake, zai nemi a mayar da ni ɗakin yankan kati. Hankalina ya tashi ƙwarai.

Washegari da sassafe sai ga Gwaggo a gidana. Ba ni ta zo gani ba, maigidana ta sa aka kira. Ta ce masa daga yau kada in taka ƙofa ban sha kunun gyaɗa na ci ƙwai ba, in kuwa ta gan ni da yunwa, gemunsa za ta zo ta shinshina. Bawan Allah ya tsorata, shi ya koma tashina in dama kunu. Da rana kuma zogale, yau zogale gobe zogale, har na ce mata na kusa fara toho. Ta ce in na yi toho ta samu na tsinka a kusa.

Ranar da ba zan manta ba, an yi suna a gidan wani ma'aikacinmu, aka aiko da tuwon shinkafa. Na roƙe ta loma ɗaya. Ta miƙo mini ayaba da ƙwai da ruwa. Ina cikin kumbura baki aka shigo da wata mata haihuwa ta gagara, aka wuce da ita tiyata. Mun daɗe a tsaye. An ciro yarinya lafiya, kowa ya fara sakin jiki, sai na ga jini yana tsattsafowa ta ƙarƙashin ƙyalle, ta gefen da ni kaɗai nake tsaye. Na faɗa. Likita ya koma ya gano jijiyar ya ɗaure. Uwa da 'ya duk suka rayu. Da muka fito ya ce gobe ma ni yake so a ɗakin. Na samu bayan ƙofa na zauna a ƙasa na yi kuka, don sai a lokacin na ji an sauke mini dutse daga ƙirji. Gwaggo ta leƙo, ta zuba mini gyaɗa a hannu.

Kashegari dangin matar suka kawo sakwara kula guda, suka ce ta nas Rabi ce ita kaɗai, wato ni. Ina kallo Gwaggo ta yi musu addu'a ta nufi gidan yari. Na ce, "Haba Gwaggo, wannan fa tawa ce!"

"Taki ce mana. Ba ki ga a sama na ajiye ta ba?"

Bayan ta yi ritaya ciwo ya kwantar da ita a ɗakin da ta yi shekaru tana mulki, kuma ko a gadon ba mai yi mata allura sai ya miƙa hannu. Wata safiya na zo da allura, damuwa ta hana ni sa komai a baki tun jiya. Ta kama hannuna da ƙyar, ta kai hanci, ta daɗe.

"Babu komai a hannun nan, Rabi. Je ki ci abinci, ina nan."

Na je na ci ina share hawaye, na dawo na miƙa. Ta shinshina ta ce yawwa, ba ta kuma saki hannun ba har na gama. Bayan kwana biyu Allah ya karɓi abarsa.

A gidanmu na gado da ke Ƙofar Jatau an jera kulolin ta'aziyya fal tsakar gida, ma'aikatan asibiti suna zaune, an rasa mai ƙarfin halin buɗewa. Sai Malam Sabo ya duba rana ya ce, yanzu dai an tashi aiki ko? Muka yi dariya har muka koma kuka. Mabuɗin gidan yari yanzu yana bakin mayafina.

Allah ya jiƙan Gwaggo Dije, ya yafe mata, ya ba ta ladan kowane majinyaci da aka kula da shi da buɗaɗɗen ido saboda ita. Ya Allah, ta daɗe tana tsare mana ciki, ka ƙosar da ita da abincin Aljanna. Amin.